Tsohuwar Laftof a Rumfar Kurmi: Yadda Ake Sauke Mata Nauyi

Ba a sayar da kwamfuta a Kasuwar Kurmi. Mai nemanta Farm Centre zai nufa, ko titin Beirut, ko shagunan Sabon Gari. Kurmi ta fata ce da turare da kayan doki da tagulla da littattafan addini, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Amma wanda ya saba zama a rumfunan 'yan littattafai ya san cewa in ka leƙa ƙarƙashin kanta, ko bayan tarin Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sau da yawa za ka hango wata baƙar jaka ta sha ƙura. Laftof ce a ciki. Wani ɗansa ne ya gama jami'a ya bar masa, wani a bakin bashi ya karɓe ta, wani kuwa da kuɗinsa ya sayo ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su ta Legas, don ya riƙa rubuta lissafi. Labarinsu ɗaya ne: ta fara nauyi, aka kai wa injiniya ya yi mata fomatin, ta ɗan yi dama-dama, ta koma gidan jiya, aka mayar da ita jaka.

Ta kawuna, yayan mahaifiyata, tana cikin wannan sahu. Ƙirar wajen 2011 ce, sitikar Windows 7 tana nan manne kusa da madannai, RAM ɗinta giga 2. Wani mai gyara ya ɗora mata Windows 10 ta bayan fage, marar lasisi, ya haɗa mata da tarkacen manhajojin da babu wanda ya roƙa. In Kawu ya kunna ta, yakan tashi ya sallami mai saye, ya ƙirga canji, ya dawo ya tarar tana nan tana juya ɗan zoben nan nata. Hukuncinsa bai wuce kalma biyu ba: "Ta tsufa." Ni kuwa ina ganin mafi yawan irin waɗannan na'urori da sauransu, abin da aka ɗora musu ne ya fi ƙarfinsu, kuma ana iya sauke shi da ɗan kuɗi kaɗan. Sai dai akwai abin da mutum zai rasa, gara kuma ya san shi tun kafin a taɓa komai.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja. Ita ce ke fara tashi in an danna makunni, ita ke kula da allo da madannai da sauti, sauran manhajoji kuma a kanta suke hawa. A ƙasar nan Windows kusan kowa ya sani, har wasu sun ɗauka ita ce kwamfutar kanta. Don a gane inda nauyin yake fitowa, a ɗauki faifan ajiya a matsayin sito, RAM kuma teburin gaban rumfa. Duk abin da za a yi aiki da shi sai an ɗauko shi daga sito an baje a tebur. To in babbar manhaja ita kaɗai ta cinye fiye da rabin teburin tun ba a buɗe komai ba, kowane abu ka taɓa sai an yi ta kai-kawo, a mayar da wannan a ɗauko wancan. Wannan kai-kawon shi ne jiran da ke ƙular da mutum, shi ne kuma ɗan ƙaran ƙiris-ƙiris da ake ji daga cikin na'urar ba ƙaƙƙautawa.

Komawa Windows 7 ma ba mafita ba ce, ko da ta fi sauƙi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025. Ma'anar daina kulawa ita ce, in an gano wata kafa da ɓarayin intanet ke shigowa ta cikinta, ba za a aiko wa talakan mai amfani da abin toshe ta ba. Windows 11 kuwa tana neman RAM aƙalla giga 4, ma'adana giga 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, na wajen 2018 zuwa sama. Laftof ɗin Kawu ko kusa ba ta zo ba. Akwai masu dabarar tura ta da ƙarfi, na sani, amma wanda giga 2 ta gaza masa da ta goma, me zai samu a ta goma sha ɗaya?

A nan Linux ke shigowa. Wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarta a 1991, ya sake ta kyauta, kowa yana da izinin kwafa da gyarawa da rabawa. Da na ambaci sunan Kawu ya yamutsa fuska, sai na ce masa, "Kawu, ai wayar da ke aljihunka ma a kanta take tafiya." Gaskiya ne, Android a kan zuciyar Linux aka gina ta, kuma tun 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki. Da yake kowa na iya ɗauka ya shirya tasa, sai ta yi rassa da yawa. Akwai Debian, wadda Ian Murdock ya fara a 1993. Daga cikinta Ubuntu ta fito a 2004, a hannun Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu. Daga Ubuntu kuma aka sami Linux Mint a 2006. Wasu rassan an shirya su ne musamman don na'urori masu ƙaramin ƙarfi, an cire kwalliya da walƙiya, an bar aiki.

Ba sai mai karatu ya haddace su ba, ga yadda nake raba su. In na'ura tana da giga 4, Linux Mint mai fuskar Xfce zan zaɓa, don ta fi kama da abin da hannun mutane ya saba da shi: maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Masu ita sun ce giga 2 ma tana isa, amma 4 ta fi daɗi, kuma jerin Mint 22 suna da kulawa har 2029. In giga 2 ce kuma babu halin ƙari, Lubuntu ta fi sauƙi. In kuwa abin ya yi ƙasa da haka, giga 1 ko rabin giga, sai antiX, ko Puppy Linux wadda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003. Waɗannan biyun fuskarsu ba ta da kyan gani, amma suna tashi inda sauran suka kwanta. Abu ɗaya da za a duba shi ne ko furosesa na 64 ne ko na 32. Daga Core 2 Duo zuwa sama na 64 ne. Pentium M da Core Duo da Atom na farko da ke cikin ƙananan laftof ɗin nan na 32 ne, kuma Ubuntu da Lubuntu sun daɗe da barin su, don haka antiX ce abokiyar tafiyarsu.

Amma kafin duk wannan akwai tambayar da masu zumuɗin Linux suke tsallakewa, ita ce kuwa mafi muhimmanci: wane aiki kake yi da ita? In mai zanen katin biki ne ko kalanda ko bangon littafi, wanda abincinsa yake kan CorelDRAW, ba na ba shi shawarar canjawa. Wannan manhaja ba ta hawa Linux kai tsaye. Akwai Inkscape, tana da kyau, amma masu ɗab'i a garin nan fayil ɗin Corel suke karɓa suke bayarwa, kuma in ka buɗe nasu da Inkscape ba kullum yake fitowa daidai ba. Haka wasu manhajojin gwajin jarrabawar JAMB da ake saya wa yara, don Windows aka yi su. Haka tsohuwar Maktabatus Shamila da malamai ke kwafa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Akwai wata gada da ake kira Wine wadda ke ɗaukar wasu manhajojin Windows, wani lokaci ta yi, wani lokaci ta ƙi, ba kuma zan yi wa malami alkawari a kanta ba. Na tambayi Kawu nasa aikin. Ya ƙirga da yatsu: lissafin kaya, sunayen masu bashi, wasiƙa zuwa ga abokan cinikinsa na Maraɗi da Damagaram, sauraron tafsiri, da duba littafin da aka turo masa a PDF. Babu ko ɗaya a ciki da ke buƙatar Windows.

Na fara da sukudireba kafin manhaja, kuma ina ba kowa shawarar haka. Da na kwance murfin baya, a bakin ƙaramar fankar, inda iska mai zafi ke fita, ƙura ta dunƙule ta yi kauri, toka-toka, har ta toshe ramukan gaba ɗaya. Ta shekaru ce, ta hunturu da ta kasuwa, da ɓurɓushin takarda. Na ciro ta da tsinke a dunƙulenta, na bi da tsohon buroshin haƙori, na riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyi yayin da nake hura iska. Furosesa in ya ji zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, ga shi a Kano watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Na'urar da ba ta numfashi ko me ka ɗora mata ba za ta yi sauri ba. Na ɗaga ƙarfen da ke janye zafi, na tarar man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe ya farfashe. Na goge, na ɗiga sabo kaɗan. Wanda bai saba ba ya bar wa mai gyara wannan, ba shi da tsada, kuma wayoyin ciki sirara ne, saurin tsinkewa gare su.

Akwai kuma wani ɗan batir zagayayye a jikin allon ciki, wanda ke riƙe agogo in an kashe na'ura. In ya mutu, kwanan wata sai ya koma shekarun baya duk sanda aka kunna, burauza kuma ta ƙi buɗe shafuka tana cewa ba su da aminci. Mutane da yawa sun ɗauka bairos ne, alhali batir ne na 'yan kuɗi kaɗan.

Kuɗin da aka kashe na gaske a wuri biyu ne. Na ɗaya RAM. Na ɗauki laftof ɗin da kanta na tafi da ita kasuwar kayan kwamfuta, don DDR2 da DDR3 ba sa shiga ramin juna, kuma gara a saka a gabanka a kunna ka ga ta nuna giga 4 kafin ka miƙa kuɗi. Na biyu SSD, ma'adanar da ba ta da faifai mai juyawa. In aljihu abu ɗaya kawai zai iya ɗauka, ni SSD zan ce a saya, ko da mai giga 128 ce. Bambancin da take kawowa ya fi na komai, ba ta kuma damu da girgizar adaidaita-sahu ba. Wani alherinta shi ne tsohon faifan yana fita da komai nasa ba a taɓa ba. Na saya masa ɗan gida mai igiyar USB, ya zama wurin ajiya. A cikinsa akwai hotunan aikin hajjin Kawu, da na bikin 'yarsa, da karatuttukan da ya tara shekara da shekaru. Wanda ba zai canja faifai ba, wajibi ne ya kwashe irin waɗannan zuwa wani wuri, ya kuma buɗe su a can ya tabbatar sun kwafu, domin ɗora sabuwar manhaja sharewa take yi tas.

Sauran aikin filashi ne. Ana shiga shafin masu Linux Mint na asali, ba wani shafin da ya ce yana da ita ba, a sauke fayil guda mai kusan giga 3. Datar dare ta fi dacewa da wannan. Sau ɗaya ake sauke shi, filashi ɗaya zai yi wa layi guda na rumfuna aiki, kuma babu dokar da aka karya. Ba a kwafa fayil ɗin a jefa cikin filashi haka kawai, sai an rubuta shi da wata ƙaramar manhaja irin su Rufus ko balenaEtcher a wata kwamfuta mai lafiya. Filashi mai giga 8 ya wadatar, amma duk abin da ke cikinsa zai tafi. A kuma yi hattara da na jabu, waɗanda ake rubuta musu babban adadi a jiki alhali cikinsu bai kai ba. Irinsu ne ke sa aiki ya tsaya a tsakiya, mutum ya yi ta zargin manhaja.

Sai a soka filashin, a kunna na'ura, a yi ta danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. A HP yawanci Esc ne sannan F9, a Dell da Lenovo da Toshiba F12. In an makara sai a kashe a sake. Abin da ya fi burge ni a Linux shi ne matakin da ke biye: tana tashi gaba ɗayanta daga cikin filashin, ba ta taɓa abin da ke cikin na'ura ba. Kana iya zama ka gwada ta son ranka. A nan ake duba ko Wi-Fi yana gani, ko sauti yana fita, ko duk madannai suna aiki, ko hasken allo yana raguwa yana ƙaruwa, ko firinta tana amsawa. In ba ta yi maka ba, ka zare filashi, komai yana nan yadda ka bar shi. Na miƙa wa Kawu ita a wannan hali. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ɗan nan, ita ce kuwa?"

Ɗorawar kanta ba ta da wani labari mai tsawo, minti ashirin ko talatin ne, amma kada a fara ta sai an tabbatar da wuta. Batirin mafi yawan tsofaffin laftof ya daɗe da mutuwa, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu sai an koma farko. Mu rumfar wani maƙwabci mai sola muka roƙa. Manhajar za ta tambayi harshe, da tsarin madannai, da ko a haɗa da abubuwan kunna sauti da bidiyo, a nan a amsa da e. Sannan ta zo kan tambayar da ba a gaggawa a kanta, inda aka rubuta "Erase disk", wato a share ma'adana baki ɗaya. Ga mai sabuwar SSD babu abin tsoro. Ga wanda ya bar tsohon faifai, wannan ne wuri na ƙarshe da zai iya tsayawa ya sake tunani. Akwai zaɓin zaunar da Linux gefe da gefe da Windows, sai dai a ƙaramar ma'adana, kuma ga wanda ba ya son rikici, ban cika son sa ba. Daga nan taswira za ta fito don saita agogo. Babu Kano a jerin, Legas ake zaɓa, mutumin Nijar kuma Yamai, lokacin duk ɗaya ne. Kawu bai ji daɗin wannan ba, ya kuwa faɗa.

Kalmar sirri ita ce abu na ƙarshe, kuma ba ta ado ba ce. Linux ba ta yarda a saka ko a cire wata manhaja sai an rubuta ta. Da farko abin yana da ban haushi, amma shi ne ya hana jikoki cika na'urar da wasanni ranar da aka bar musu rumfa. Kawu ya rubuta tasa da ajami a bangon bayan littafin lissafinsa.

Bayan ta tashi daga cikin SSD, abin da ya fi yawan ba mutane ciwon kai shi ne Wi-Fi. Wasu katunan, musamman na Broadcom da ke cikin laftof da yawa na wancan zamani, suna buƙatar ƙarin direba, shi kuma sai da intanet ake sauke shi. Mafitar tana aljihu: a haɗa wayar Android da igiyar caji, a kunna raba intanet ta USB a cikin saitin wayar, Linux za ta gan ta nan take. Sai a buɗe manajan direbobi na Mint a zaɓi wanda ya nuna. A wannan zaman ne kuma ake yin sabuntawar farko, wadda takan ci data ba kaɗan ba. Na baya ba su kai ta ba, kuma Linux ba ta tilasta wa mutum, sai ya ga dama ya danna.

Inda na fi daɗewa, kuma inda na ga ribar aikin, shi ne wajen rubutu. Shekaru da yawa muna rubuta "kasa" muna nufin ƙasa, "dan" muna nufin ɗan, don madannan da aka sayar mana ba su san da ƙ da ɗ da ɓ ba. A cikin saitin madannai na Linux akwai tsarin Hausa na Nijeriya a shirye, har da na Hausar Gana, ba sai an sauke komai ba, kuma ƴ ɗin da mutanen Nijar ke amfani da ita tana samuwa. Na ƙara na Larabci, na saita yadda maɓalli biyu za su riƙa juya shi daga wannan zuwa wancan, muka manna sitikun haruffan Larabci a kan madannan. Sannan na sauke wani salon haruffa na kyauta mai suna Alkalami, wanda cibiyar SIL ta ƙera a kan rubutun Kano, mai kaurin nan da duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi. Na buga sunan rumfar da ajami, na ƙara girmansa ya cika allo. Kawu ya matso da kujera. Bai ce komai a kan kyansa ba, sai ya sa yatsa a kan wani harafi ya ce wasalin bai zauna inda ya kamata ba, a gyara. Aka gyara. Daga nan ya ce a buga masa jerin farashin littattafai da shi, don akwai abokan cinikinsa na ƙauye da ba sa karanta boko.

Har fuskar manhajar ma na juya masa ita zuwa Larabci, don ya fi Turanci zama a bakinsa. Mafi yawan menu ɗin sun juyu, wasu 'yan wurare suka rage da Turanci. Mai Faransanci daga Maraɗi ya fi kowa morewa a nan, nasa a cike yake. Hausa ce dai har yanzu ba ta sami masu zama su fassara mata waɗannan abubuwa yadda ya kamata ba, alhali ƙofar a buɗe take ga duk mai so, kuma ga sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu.

Lissafi da wasiƙa LibreOffice ke yin su, tana zuwa tare da Mint, tana kuma buɗe fayilolin Word da Excel. Na shirya masa shafi mai layi huɗu: suna, kaya, abin da aka biya, abin da ya rage, na ƙasa yana tara kansa. Dabara ɗaya da ta kamata kowa ya riƙe: in za a kai takarda shagon buga takardu, a mayar da ita PDF tun daga gida. In ba haka ba, kwamfutarsu ba ta da salon haruffanka, ƙ da ɗ za su iya komawa 'yan akwatuna, layuka su tarwatse. Wani abin daɗi kuma, bairos ɗin nan na shagunan buga takardu da ke ɓoye fayiloli a filashi ya bar gajerun hanyoyi na bogi ba ya tashi a Linux. Amma tana iya ɗauke da shi a filashi ta kai wa mai Windows, kuma babu wata manhaja da za ta kare wanda aka kira a waya ya karanto wa ɗan damfara lambar sirrin bankinsa da bakinsa.

Kada kuma a yi wa mai karatu daɗin baki. Babbar manhaja mai sauƙi ba ta rage wa intanet nauyi. Shafukan yau, Facebook da YouTube da WhatsApp na burauza, kowannensu yana iya cin RAM fiye da Linux ɗin kanta. Laftof ta 2011 za ta buɗe su, amma biyu ko uku a lokaci ɗaya, ba goma ba. A saka wa Firefox abin tare talla irin uBlock Origin, a rage ingancin bidiyo zuwa 360 ko 480, za a ga sauƙi, data ma ta yi auki. Don yaran gida na saka Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia a cikin na'ura a karanta ba tare da intanet ba, ta Hausa kuma ba ta da girman da zai dami ma'adana.

Babban rauni a ganina ba a cikin na'urar yake ba, a gari yake. Masu gyara da suka san Linux ba su da yawa. In wani abu ya ɗan rikice aka kai wa wanda bai saba da ita ba, abin da ya iya shi zai yi: ya share, ya mayar da Windows marar lasisi, a koma inda aka fito, wataƙila har da asarar lissafin shekara. Saboda haka na zaunar da ƙaramin ɗan Kawu, wanda ke taya shi zaman rumfa bayan makaranta, na nuna masa sabuntawa, da yadda ake saka manhaja daga rumbun Mint, da yadda ake kwafe fayil ɗin lissafi zuwa tsohon faifan duk ranar Alhamis. Na kunna Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin lokaci-lokaci don a iya komawa baya in sabuntawa ta ɓata wani abu. Filashin ma na bar musu, an ɗaura masa jan zare don kada wani ya ɗauka ya zuba waƙoƙi. Duk wanda zai ɗora wa dattijo Linux ya tafi bai bar wani a kusa da ya san kanta ba, bai gama aikin ba.

Akwai kuma na'urorin da ba su cancanci wahalar ba. In allon ciki ya ƙone, ko fuska ta fashe ga maƙalin murfi ya karye ga caja ta lalace, kuɗin gyara zai iya kai na wata ta hannu mai lafiya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, wani kaso na irin wannan kaya kuma ƙasashe irin tamu ake turo shi da sunan na hannu, don haka ba kowace baƙar jaka ce ke ɗauke da abin ceto ba. Irin wannan a ciri RAM ɗinta da cajarta in suna da lafiya, za su yi wa wata amfani. Batirin kada a jefa shi wuta ko a fasa shi, yana iya kamawa. Kafin kuma a miƙa gangar jikin ga 'yan gwangwan, a kwance faifan ajiya a riƙe a gida. Sukurori biyu ne ko huɗu, kuma sunayen masu bashi da hotunan iyali suna nan a cikinsa, duk wanda ya saya zai iya karantawa ko da na'urar ta shekara biyar ba ta kunnu ba.